Hotunan 'Yar Kwalba

Bakwaini aka haife ta, aka sa ta a kwalba a asibiti, shi ya sa sunan 'Yar Kwalba ya bi ta har gida. Ubanta mai hoto ne. A wancan lokacin yakan tsaya bayan gilashi yana kallonta cikin shuɗin haske, sai ya ga kamar ɗan kifi ne ke barci a ƙasan ruwa, wayoyi na lilo a jikinta kamar ciyawar rafi. Fatarta ba tabo ko ɗaya. Wannan fuskar ya ajiye a ransa.

Bayan an sallame su sai wani jan ɗigo ya ɓullo a fatar idonta na hagu. Likitar yara ta ce tarin ƙananan jijiyoyin jini ne, ya fi fito wa bakwaini, yakan yi girma na wasu watanni sannan ya sace da kansa.

"Amma wannan a bakin ido yake," in ji ta. "In ya yi saurin girma zai rufe idon, idon da bai sha haske da wuri ba kuwa ba ya koyon gani. Ku riƙa turo min hotonsa a waya duk mako. Tunda baban mai hoto ne, ai an huta."

A shagonsa akwai labule mai zanen teku, da fanka mai juyi a hankali, da kwamfutar da ya shekara yana goge wa mutane ƙuraje da tamoji a cikinta. Da ya buɗe hoton 'yarsa sai hannunsa ya tafi da kansa. Bai goge ɗigon ba, ya dai rage shi kaɗan. Mako na gaba ya ƙara ragewa. Da rana in ba kowa, yakan zauna gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya gan ta ta girma tana gudu a bakin tekun labulen nan, fuskarta wasai. A gida abin ya tasa, ya yi jawur, ya yi tudu. A hoto yana nan ɗigo. Ƙarya ce, ko da da ƙauna aka yi ta, kuma ya sani.

"Madalla, bai motsa ba," haka likita ke amsowa.

"Ni dai ina ganin idon nan yana lumshewa," in ji matarsa.

"Likita ta ce ba komai. Ko kin fi ta karatu ne?"

Wata rana ta biyo ta shagon, goye da yarinyar. Ta tsaya gaban wani babban hoto da ya rataye a bango, ta daɗe tana kallo.

"Baban 'Yar Kwalba, wannan kyakkyawar 'yar waye?"

"Tamu mana."

"Tamu tana bayana. Irin wannan kake tura wa likita?"

Fanka ta yi ta juyi. Ta kwance goyon ta ɗora masa a cinya.

"Dube ta. Ba a gilashi ba."

Ya duba. Kumburin ya danne fatar idon, saura ɗan tsagi kamar bakin ƙofar da ba a gama rufewa ba.

A asibiti likita ta ɗaga fatar da yatsa, ta haska, ta dubi hotunan da ke wayarta, sannan ta dube shi.

"Malam, aikinka ya yi kyau. Har ni ka ruɗa." Ba dariya a muryarta. "Da tuni mun fara magani. Maganin na sha ne, zai sa ya sace. Ko idon zai koyi gani sosai, ban sani ba tukuna."

Da mako ya zagayo, uwar ta zauna gaban zanen tekun, yarinyar a hannunta. Ya kunna fitilar ɗaukar hoto, ya matso da ita a hankali ta gefen hagu. Ƙarƙashin jan tudun nan, cikin ɗan tsagin, wani baƙin abu mai sheƙi ya motsa, ya bi hasken, ya ɓace, ya sake dawowa.

Ya ɗauki hoton da waya. Hannunsa ya nufi kwamfuta kamar kullum, sai ya janye shi. Ya miƙa wa matarsa wayar.

"Ke tura mata."