Rediyon da Ya Ƙi Yin Shiru a Ɗakin Tagulla

Saura kwana biyu a kawo sabuwar na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, Dakta ta kasa zama wuri ɗaya. Shekara shida tana binciken farfaɗiya da tsohuwar na'ura mai fitar da hoto dishi-dishi. Yanzu an sabunta ɗakin binciken, an lulluɓe bango da rufi da fallayen tagulla, don kada saƙon rediyo ya shigo ya ɓata hoto. Kafintan da ya yi aikin kuwa kawunta ne, yayan mahaifiyarta.

Injiniyan da ya zo gwada ɗakin ya kunna ƙaramin rediyo, suka shiga su uku, shi da Dakta da Kawu, ya ja ƙofa.

"In ɗakin ya rufu ruf, zai yi shiru," in ji shi.

Rediyo ya ci gaba da zuba labarin ƙwallo abinsa.

"Akwai kafa ke nan," Dakta ta ce, tana duba agogo. "Kawu, ka tabbata ka liƙe ko'ina?"

"Ke! Tun ba ki iya ɗaura zane ba nake wannan sana'a. Rediyon ne mai taurin kai."

Suka bi bango taku-taku. Injiniya na yawo da rediyon a hannu, murya ta ragu a nan, ta ƙaru a can. Dakta ta fita ta dawo ya fi sau goma, ta haɗa shayi ta manta inda ta ajiye shi. Wayarta na ta ruri, shugaban cibiyar binciken ne, ta ƙi ɗauka.

Bayan awa uku, a bayan ƙofa, muryar ta fito tangaran. Hular Kawu ce rataye a wurin. Injiniya ya ɗaga ta, sai ga ƙusa guda ta huda tagullar.

Kawu ya daɗe yana kallon ƙusar, yana shafa sanƙonsa.

"Zafi ne ya dame ni ranar nan, na kafa ta na rataye hulata," ya ce a hankali. "Ki yi haƙuri, 'yar nan."

Ta so ta yi faɗa, dariya ta ƙwace mata. Shi da kansa ya zare ƙusar, ya liƙe ramin da dalma. Aka ja ƙofa, rediyo ya yi tsit.

Sai da ta fito baranda ta ɗaga wayar shugaban.

"Ina kika shiga?" ya ce. "Motar na'urar ta taso da wuri, gobe da safe za ta iso. An gyara hanyar da za ta bi?"

Dakta ta dubi farfajiyar, yashi da bulo jibge har bakin ƙofa, ta juya da gudu tana kiran Kawu.