Girar Mama

Ni dai abin da na sani shi ne kwalliyar ido daban, kwalliyar hoto daban. Shekara shida ke nan ina wannan sana'a a wani ɗan shago da ke ƙasan benenmu. Na san hodar da hasken kyamara ke mayar da mace kamar ta faɗa buhun fulawa, na san wadda ke kwanciya lumui. Na san inda ake zana inuwa a gefen hanci ya fito siriri. Babu fuskar da ta taɓa gagarata, sai ta uwar da ta haife ni.

Kakata ta wajen uwa ce ta fara mantuwa. Da farko makullai, sai ranaku, sai kuma mutane. Likita ya ce a liƙa mata hotunan 'yan gida a bangon ɗakinta, manya, kowa da sunansa a ƙasa, ta riƙa gani safe da yamma. Ina jin an ce hoto na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na zaunar da Mama a shagona na yi mata aikin awa biyu. Ban shafa mata fandeshin mai maiƙo a fuska ba, don yana ƙyalli a kyamara. Na ƙara mata kauri kaɗan fiye da na kullum, saboda haske yana cinye rabin kwalliya. Girarta ta hagu tana da wani tsohon tabo da ya raba ta biyu, gashi ba ya fita a wurin, na cike shi sili-sili kamar yadda nake mata kowace safiya kafin ta tafi makarantar da take shugabanta. Mai hoto da kansa ya ce bai taɓa ɗaukar hoton da bai taɓa shi da gyara ba sai wannan. Kaina ya kusa fin ƙarfin ƙofa.

Muka liƙa hotunan. Kaka ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna na Kawu, wanda ko man fuska bai shafa ba, goshinsa na ƙyalli kamar bayan cokali.

"Wannan nawa ne," in ji ta. "Har yanzu bai iya sa hula ba."

Ta zo kan na Mama ta tsaya. Mama tana zaune a bakin gadon, gwiwarta na taɓa tata.

"Wannan fa, matar wa ce?"

"Ni ce, Inna," in ji Mama. "'Yarki."

Kaka ta dubi hoton, ta dubi Mama, ta yi murmushin da ake yi wa baƙo. "Allah ya yi miki albarka. Kina da kyau kuwa."

Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba. Kawu da ya tsaya gaban kyamara ko ado babu, an gane shi. Mama da ke zuwa kullum ta yi mata wanka ta ba ta magani, ita ce matar wani. Na ce hasken ne, ya faɗo mata ta sama da yawa. Muka koma aka sake. Kaka ta ce, "Waccan ta jiya ta fi fara'a." Na ce to jan bakin ne, na sauya mai sanyi. Na rage gazal. Na ƙara. Sau uku ina jan Mama zuwa wurin mai hoto, tana bina ba musu, ita da malamai talatin ke tsoron tarinta. Bangon Kaka ya cika da kyawawan mata uku, kuma ba ta san ko ɗaya ba.

Ranar Asabar da hantsi muka kai hoto na huɗu. Kaka ta karɓa ta juya shi, sai ta kama hannun Mama ta rage murya.

"Baiwar Allah, ke da kike yawan zuwa. In kin ga 'yata ki ce ina nemanta. Ta daɗe ba ta leƙo ni ba."

Mama ta zare hannunta a hankali. Ta tashi ta shiga banɗaki ta rufe, na ji famfo yana zuba ya daɗe. Da ta fito idonta ja, fuskarta a wanke tas, aikina duk ya bi ruwa. Har na buɗe jaka zan ciro soso, don hannuna ya saba.

Kaka ta ɗaga kai. Ta miƙa yatsa ta ɗora a kan girar hagu, daidai inda ta rabu.

"Rigima," ta ce. "Ba na ce ki daina gudu kusa da keken ɗinki ba?"

Ban taɓa jin an kira Mama da wannan sunan ba. Ta durƙusa ta kifa kai a cinyar Kaka tana kuka kamar 'yar shekara biyar. Ni kuwa ina tsaye da soso a hannu, kunya ta rufe ni. Shekara shida ke nan kowace safiya ina shafe wurin da uwa ke gane 'yarta.

Can Kaka ta hango ni. "Ita kuma wannan fa? Ma'aikaciyar asibiti ce?"

Na shiga banɗakin nan. Na wanke, na sake wankewa, na tsaya gaban madubi ina neman abin da za ta kama. Ni ba tabo gare ni ba. Fuska ce kawai, wadda na daɗe ban kalla da rana ba. Na fito a hakan, Mama ta ja ni har gabanta.

Kaka ta daɗe tana dubana. Sunana bai zo mata ba, na ga tana lalubensa ta rasa. Sai ta kama hancina da yatsu biyu, wannan faffaɗan hancin da nake ragewa da inuwa tun ina 'yar sha shida, ta ɗan girgiza shi.

"Ban san ko ta wa ce ba," ta ce wa Mama, "amma wannan hancin namu ne. Ku ba ta kujera."