Kayan Sanyi Goma a Filin Jirgin Jidda

Bakina ne ya ja mini, ba kowa ba. A shekarar saba'in da biyu ina tuƙa wa wani attajiri mota, Ammi Saleh, mai gida a Abhur bakin ruwa. Wata uku ina gwaji, bai ce zauna ba, bai ce tafi ba. Rannan ya ce ranar Alhamis zai kai yaransa Labanan wasan zamiya, irin wanda ake ɗaura katako biyu a ƙafa a gangaro daga kan dutsen ƙanƙara. Ni zan tuƙa su a can, in kuma riƙa bin yaran. In tafiya ta yi kyau, aiki ya zama nawa, shi ne kafilina, mai tsaya mini a takardun zama.

Har abin da zan sa ya faɗa mini. Ya ce watan Afrilu ne, sanyi ya kusa ƙarewa, rana na dukan dutsen sosai. Riga mai dogon hannu, suwaita ɗaya marar nauyi wadda in gumi ya zo sai in ɗaura a ƙugu, wandon da ruwa ba ya ratsawa, baƙin tabarau, da man shafa saboda rana. Halas, shi ke nan. Sauran shi zai ara mini a can.

To amma wa zai tsaya sauraron labarin suwaita ɗaya? Da na dawo unguwarmu Sa'alaba na zauna wurin mai shayi, sai na ɗan ƙara gishiri. Na ce a can in ka tofa yawu, kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Na ce akwai wani direba da ya sosa kunne, kunnen ya ɓalle a hannunsa, ya sa a aljihu ya ci gaba da tuƙi. Aka yi ta salati, aka saya mini shayi har kofi uku.

Kafin in isa gida maƙwabciyarmu Dela ta kai wa Ummata labari, kunnuwan ma sun zama biyu. Umma Mastura ta ce ba inda za ni, da kunnuwana ta haife ni, da su za ta bar ni. Na so in ce wasa nake, sai na ga Dela zaune ta kafa mini ido. Na haɗiye.

Daga ƙarshe Umma ta yarda bisa sharaɗi: ƙaninta Kawu Abdulghaffar ne zai shirya ni. Shekararsa goma sha huɗu yana jan ƙanƙara da ƙugiya a gidan ƙanƙarar da ke sayar wa masu kifi, don haka duk unguwa shi ne malamin sanyi. Ya kai ni kasuwar gwanjo inda alhazai ke sayar da kayansu kafin su koma gida. Ya ɗora mini wando kan wando har biyar, suwaita uku, kwat ɗin soja, ya rufe da wata rigar fatar tunkiya ta mutanen Bukhara, wadda har yanzu tana tuna tunkiyar. Takalmi kuwa na roba, irin na masu wanke kifi. Sannan ya kulle ni a ɗakin ƙanƙara minti ashirin don gwaji. Da na fito da rai ya ce kaya sun yi.

Umma ta ɗauko allura. Kakarta da ƙafa ta zo daga Kano, shekara bakwai a hanya, kuma ba abin da ya ɓace mata saboda a cikin riga take ɗinke komai. Haka ake yi a gidanmu. Ta ɗinke fasfo ɗina da iƙama, wato takardar zama, a cikin rigar da ke can ƙasa, jikin fata. Sannan ta sa na rantse ba zan cire ko ɗaya ba sai na dawo ƙofar gidanta. Na rantse, ina cewa a raina jirgi dai akwai sanyi.

Ranar Alhamis da hantsi rabin unguwa suka yi mini rakiya. Kun san Jidda, ko tsirara kake sai ka jiƙe. Ina tafe kamar buhun gawayi, hannuwa a buɗe sun ƙi sauka, gumi na taruwa a takalmin roba yana ƙara duk taku. Ma'aikacin filin jirgi ya miƙo hannu ya ce fasfo. Na ce yana nan. Ya ce ina. Na nuna masa wajen haƙarƙarina.

Nan Ammi Saleh ya iso da yaransa cikin riguna shara-shara. Ya zagaya ni sau ɗaya, ya toshe hanci.

"Ya Rafi'u, kai ne a ciki?"

"Ni ne, ya Ammi. Can ƙasa."

Ya ce minti goma ya ba ni, ko in fito daga cikin tunkiyar nan in ba da fasfo, ko ya ɗauki direba a Bairut. Ya juya ga Umma cikin ladabi ya ce ai wurin da ɗumi, yara ma da riga ɗaya suke wasa. Umma ta ce ita ɗanta ya faɗa mata gaskiyar wurin, kuma ɗanta ba ya mata ƙarya.

Duk suka zuba mini ido, Dela a gaba. Na duba jirgi, na duba Umma.

"Umma, ba wanda kunnensa ya ɓalle. Ni na ƙera direban nan a wurin mai shayi."

Umma ta ce to ƙarya tawa ce, amma rantsuwa ta Allah ce, sai in san yadda zan yi da ita. Kawu ya gyara murya, ya ce ai ya ji a karatun masallaci, wanda ya karya rantsuwa sai ya ciyar da mabuƙata goma ko ya tufatar da su. Na ce ina zan samo tufafin mutum goma a minti bakwai? Sai ya dube ni daga sama har ƙasa.

A gefen filin akwai ragowar alhazan Afganistan, tun bayan hajji suke zaune suna jiran jirgi, guzuri ya ƙare, har kayan sanyinsu sun sayar. Kawu ya jera goma. Aka shiga ɓare ni kamar albasa, ana miƙa musu. Wani tsoho da ya samu rigar tunkiyar ya rungume ta yana magana da yarensu, ina jin ma tasa ce da. Umma ta zaro reza daga bakin zane ta farke ɗinkinta, tana farkewa tana zungurina da gwiwar hannu. Fasfo ya fito a jiƙe, ma'aikacin ya riƙe shi da yatsa biyu ya buga hatimi.

Da riga ɗaya mai huda a haƙarƙari na hau jirgi, sai takalmin kifi, don shi ba wanda ya karɓa. Ammi Saleh ya yi ta dariya har muka sauka, ya ce mutumin da ya iya tona kansa a gaban uwarsa da maƙwabta zai iya riƙe masa mota. Aiki ya zama nawa tun kafin in ga ƙanƙarar.

A kan dutsen kuwa suwaitar aro a ƙugu ta wuni. Man shafan ne na raina, na ce wace rana ce za ta ƙona ɗan Jidda? Kwana uku hancina ya saɓule, leɓena ya tsage. Da na dawo haka, Umma ta kama haɓata ta juya fuskata dama da hagu, ta ce wa Dela ta gani ko, saura kaɗan sanyi ya cire mini hanci. Na ce wallahi rana ce. Ta ce in rufe mata baki, ba ta da sauran kayan da za a raba.