Kambin Amarya da Agogon Torleif

Duk unguwarmu a Bergen an san Torleif Haukeland da agogonsa. Shekara arba'in yana tuƙa jirgin fito tsakanin tsibirai, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ya sanar da kai bai taɓa makara ba. Matarsa Borghild ƙawata ce. Ita ta fesa mini wannan labari, ta ce kada in faɗa wa kowa. Ban faɗa ba, rubutawa na yi.

Jikarsu Solfrid ce za ta yi aure a Auckland, can ɗaya ɓangaren duniya, ranar Asabar ƙarfe goma na safe. Akwai kambin azurfa na gidansu Borghild, wanda tun zamanin kakar kakarta babu amaryar da ta shiga coci ba da shi a ka ba. Borghild ta rantse ba za a aika shi ta gidan waya ba, a cinyarta za ta kai shi.

Torleif ya yanki tikitin jirgin sama. Ya ga tafiyar awa talatin da biyu ce, ya ƙirga da yatsu yadda ya saba a jirgin fito: tashi Alhamis biyu na rana, sauka Juma'a goma na dare. Sauran rubutun takardar ko kallo bai ishe shi ba. Haka ya gaya wa kowa, kuma wa zai binciki lissafin Torleif?

Sai da suka yada zango a Singapore, Borghild ta kira jikarta, akwatin kambin yana ƙirjinta.

"Kaka, karanto mini lokacin sauka, in san sa'ar da za a zo ɗaukarku," in ji Solfrid.

Borghild ta gyara tabarau. "Asabar. Goma na safe."

Sai ihu daga wayar. "Kaka! Ai lokacin ake shiga coci!"

Borghild ta zube kan benci. "Torleif. Zo nan, sarkin lissafi. Ina Juma'ar da ka ce?"

"Kuskuren takarda ne," ya ce, yana ƙwanƙwasa agogonsa. "Awa talatin da biyu..."

"Kaka Torleif," Solfrid ta katse shi cikin kuka, "mun riga Bergen da awa goma sha biyu! Goman daren can ita ce goman safiyarmu!"

Tsoho ya kalli agogon kamar ya zage shi.

"Yini guda cur, mutumin nan!" Borghild ta dafe kai. "Ina ka jefar da shi? A teku?"

Jirgi kuwa bai makara ba ko da minti ɗaya. Tayoyinsa suna taɓa ƙasa, Solfrid tana shiga coci da furanni a gashi, amarya ta farko da ta shiga ba kambi cikin shekara ɗari da hamsin.

Sun iso ana cin abinci. Borghild ba ta ko tuɓe rigar sanyi ba, ta ratsa mutane, ta fizge furannin, ta ɗora wa jikarta kambin. Solfrid ta yi rawa da shi, an ɗauki hoto, amma coci kam an riga an kulle.

Yanzu Torleif agogo biyu yake ɗaurawa. Jiya na tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce, "A ina?"