Baƙin Ya Kalli Titi

Ni dai ban roƙi kowa komai ba a gidan nan sai barci. Shi ma ba na dare ba, na rana, wanda kowa ya gama da shi ya yar.

A gidan burodi nake aiki, kuma aikin dare. Ni ce a kan injin yanka. Burodi ya fito daga tanda, ya huce, ya biyo layi ya zo gabana, in tura shi cikin wuƙaƙe da hannu biyu, ya fita ta can a yayyanke a sa shi a leda. Wuƙaƙen nan ba ruwansu da bambancin burodi da yatsa, abin da ka miƙa musu shi suke ci. Matar da ta koya mini aikin Tara-da-Rabi muke ce mata, ita ce ma ta raɗa wa kanta sunan. Gyangyaɗi ɗaya ta yi, injin ya karɓi rabin ɗan yatsanta, bai ko tsaya ba.

Tun da aurena ya mutu na dawo gidan mahaifinmu, inda Yayata take zaune da iyalinta. Ɗakina shi ne na bakin titi, tagarsa tana kallon gabas. Yaya kuwa tana da abin alfaharinta: duk tagogin da ke kallon titi farin leshi ne a jikinsu, iri ɗaya, wankakke, gogagge. Kyau kam akwai shi, amma hasken rana bai san da zamansa ba. In dawo da safe in kwanta, rana ta shigo ta zauna mini a fatar ido. In juya, ta biyo ni. In rufa da mayafi, zafi ya ce bismillah.

Da ma a ce hasken ne kaɗai. Tagar nan ita ce kasuwar Yaya. Mai kayan miya a nan yake tsayawa ya ƙwala kira, mai wasa wuƙa a nan, mai ruwa kuwa har ƙwanƙwasa gilashin yake yi da makulli. A cikin gida kuma duk wanda ya wuce sai ya turo ƙofa. “Auta, tunda kina kwance, ɗan duba mini tukunya.” “Auta, tunda ba abin da kike yi, riƙe mini zaren nan.” A idonsu macen da ke kwance da rana lalaci ne yake damunta.

Ba kuma laifinsu ba ne duka, don in ba Yaya ba, ba wanda ya san aikin da nake yi. Yaya ta ce mace ta fita da daddare ta dawo da safe ba abin faɗa ba ne, bakin mutane ba shi da linzami. Sai ta ƙirƙiro mana wata goggo marar lafiya a can wani gefen gari, wai wurinta nake kwanan jinya. Goggon nan ta daɗe tana jin jiki, baiwar Allah, ta ƙi warkewa ta ƙi mutuwa. Maƙwabta har sannu suke aiko mata. Ni kuma in amsa da “da sauƙi,” gashina cike da garin fulawa.

Wata safiya, ana dab da tashi daga aiki, idona ya rufe. Ban san ya rufe ba. Mari kawai na ji a bayan hannuna, mai zafi, na buɗe ido na ga Tara-da-Rabi tsaye a kaina tana huci. Na dubi safar hannuna, babu kan babban yatsan, an shafce shi har da gefen farcena.

“Ke, sunan nan nawa ne ni kaɗai,” in ji ta. “Ba na neman takwara.”

Na so in yi dariya, sai kuka ya riga ta fitowa. Ta ja ni gefe ta tambaye ni rabona da barcin kirki, na ce na manta. Ta ce, “Je ki sayi baƙin labule mai tare haske. Ki zo unguwarmu ki gani, da shi ake gane gidan ɗan aikin dare. Ko mai talla ya ga tagata sai ya haɗiye muryarsa har ya wuce.”

Ranar ko gida ban biya ba, na zarce kasuwa da idona jawur.

Mai labule dattijo ne mai fara'a, da tef ɗin awo rataye a wuya. Da na faɗa masa abin da nake so, sai ya shiga sauko da kaya. Ga na leda da ake ja da igiya ya naɗe sama. Ga na katako mai tsaga-tsaga da ake murɗawa. Ga baƙar takarda da ake mannawa a jikin gilashi. Ga yadudduka, masu santsi da masu kauri, kowanne ya ce mini wannan kam ko tsinken haske ba ya wucewa.

Na ce, “Malam, ba da baki za ka gaya mini ba. Miƙo.”

Na ɗauki na farko na fita bakin shago, na lulluɓe kaina da shi, na ɗaga fuska na kalli rana ido cikin ido. Ja na gani. Na cire na miƙa masa. Na biyu, wasu ƙananan taurari suka yi mini sallama ta saƙar. Na uku, ruwan toka. Kafin in kai na biyar maƙwabtan shagonsa sun taru, wani yana cewa ko sabon salon addu'a ne, wata tana cewa a riƙe ni kada in faɗa kwata. Ko a jikina, an tsikari kakkausa. Su da yatsunsu goma suka kwana.

Na katakon ban ko gwada ba, ina ganin fuskar mai labule ta tsakaninsa. Takardar mannawa kuwa na ce a'a, ina son in na tashi in buɗe in ga duniya, ba kabari na zo saye ba.

Sai ya shiga ciki ya kinkimo wani yadi mai nauyi, ruɓi uku, baƙi ƙirin. Na lulluɓa. Na kalli inda na san rana take, ban ga komai ba. Na motsa hannuna a gaban hancina, babu. Wallahi a tsaye a bakin shagon nan, cikin hayaniyar kasuwa, sai da barci ya kusa ɗauke ni.

“Wannan,” na ce daga ciki.

Ya ce kada a yanka shi daidai tagar, sai ya zarce ta ta kowane gefe ya sauka har ƙasa, in ba haka ba haske zai laɓaɓo ta baki-baki. Na ce ya zarce har ɗakin maƙwabta in ya so. Ya ɗora almakashi, sai kuma ya tsaya.

“Baiwar Allah, sai maganar bayansa. Yawancin mata farin yadi suke sa in ɗinka ta wajen titi. Ciki duhu, waje fari tas. Mai wucewa ba zai san komai ba.”

Ga hanya mai sauƙi an shimfiɗa mini. Yaya ta samu farinta, ni in samu duhuna, goggo ta ci gaba da jinya. Amma sai na tuna mai ruwa da makullinsa. Farar taga dai farar taga ce, zai ƙwanƙwasa. Za a turo ƙofa a ce tunda ina kwance. Duhu zai rufe mini ido, amma ba zai hana a tashe ni ba, tunda ba wanda ya san akwai dalilin da zai sa a bar ni.

Na ce, “Baƙin ya kalli titi.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Kin tabbata?”

“Yanka, Malam.”

Ina kan kujera ina ɗaura shi Yaya ta shigo. Farin leshinta na ninke shi da kyau na ajiye a kan gado, ban wulaƙanta shi ba. Ta dubi leshin, ta dubi tagar, ta dafe ƙirji.

“Na shiga uku! Auta, wa ya mutu?”

“Ba wanda ya mutu, Yaya. Barci zan yi.”

“Da wannan? A gaban gida? Kin manta jibi dangin yaron da ke neman auren 'yarki za su zo ganinta? So kike su sauka daga mota su fara cin karo da zaman makoki? Me zan ce musu?”

“Ki ce musu mai aikin dare ce a ciki.”

Ta rufe ƙofa da sauri kamar na yi ashar. Ta sassauta murya. “Ki rufa mana asiri. Ni na goya ki, ban taɓa neman komai a wurinki ba. Ki yi haƙuri a wuce maganar auren nan, sai ki rataya ko buhun gawayi ne.”

Maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Ina son Yaya, ina son 'yar nan tata kamar ni na haife ta. Amma na san halin haƙurin gidanmu: bayan ganin gida sai sa rana, bayan sa rana sai biki, bayan biki sai suna. Na sauko daga kujera na ciro safar hannun daga jakata, na ɗora mata a tafi. Ta juya ta, ta ga inda aka shafce.

“Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,” na ce. “Na ba ku goggo, na ba ku tukunya, na ba ku zare. Yatsana kam ba zan bayar ba.”

Ta ajiye safar, ta ɗauki leshinta ta fita.

Ranar da baƙin suka zo na dawo aiki na kwanta, na ja labule. Ɗakin ya zama kamar cikin tulu. Barci ya fara ja na ke nan na ji muryoyi a falo, da ƙarar kofuna. Bangonmu ba kauri gare shi ba. Na ji wata murya mai nauyi, ta uwar yaron, tana cewa, “Af, wancan ɗakin mai baƙin labule fa, lafiya dai ko?”

Yaya ta yi 'yar dariya. “Ɗakin ajiya ne. Tarkace ne kawai a ciki, muka rufe kada rana ta ci su.”

Tarkace. Barcin ya watse. Na tashi zaune a cikin duhu, raina yana tafasa. Goggon ƙarya na haƙura da ita, amma a gidan ubana a ce ni ce tarkace? Tura ta kai bango. Na yafa mayafi, na buɗe ƙofa.

Na yi sallama, na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya mini. 'Yata tana gefe da tire, ta sunkuyar da kai. Yaya kuwa kofi ya tsaya mata a hanya, bai kai baki ba.

“Ni ce ƙanwar uwar yarinya,” na ce. “Ni ce kuma tarkacen. A gidan burodi nake aikin dare, shi ya sa nake barci da rana. Wannan burodin da ke gabanku ma ni na yanka shi da hannuna. Ku ci da yawa, halal ne. Ku gafarce ni, zan koma in kwanta, don anjima akwai aiki.”

Uwar yaron ta dubi yankan burodin da ke hannunta, ta dube ni, ta ce, “Sannu da ƙoƙari.” Ban tsaya auna ko da zuciya ɗaya ta faɗa ba. Na koma na rufe ƙofata. Na ce a raina ranar wanka ba a ɓoye cibi, in don burodi za su fasa, gara su fasa tun yau.

Yaya ta daina yi mini magana. Da yamma na gaishe ta, ta amsa wa bango. 'Yata ce ta biyo ni har ƙofar gida da zan fita, ta raɗa mini, “Inna, sun ce za su dawo.” Ta matse hannuna, ta koma da gudu. Abin ya yi mini daɗi, amma fushin Yaya bai bar raina ba har na kai wurin aiki.

Washegari na dawo, na wanke fuska, na ja baƙin labulena, na kwanta. Can sai ga amalanken mai ruwa yana ƙara, ya zo ya tsaya daidai tagata. Na ji ƙarar makullansa. Na cije leɓe, na fara yaye mayafi, na ce yau ni da shi ne.

Sai na ji an buɗe ƙofar gida, da takun silifa da sauri-sauri. Muryar Yaya ce, ƙasa-ƙasa, amma da faɗa a cikinta.

“Kai! Makaho ne kai? Ba ka ga baƙin labule ba? Ƙanwata ce a ciki, aikin dare take yi. Zagayo ta baya, kuma ka ɗaga ƙafarka a hankali.”

Amalanken ya juya, ƙararsa ta yi nisa. Na mayar da mayafina, hawaye yana gangara mini cikin kunne. Na tura hannuwana biyu ƙarƙashin matashi, na yi barci.