Wutar Rijiyar Gidan Alhaji Abdulrahim

A cikin keke Napep na fara jin maganar, daga Samaru za ni kasuwar Sabon Gari. Wai a Dogarawa wata Inyamura ta binne asiri a tsohuwar rijiyar gidan da take haya, har rijiyar tana fitar da shuɗiyar wuta ba itace ba kananzir. Mai gida ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta kwashe kayanta. Da masu hirar suka faɗi sunanta sai na daina dariya. Oluoma ce, wadda nake sayen manja a wurinta shekara goma sha bakwai.

Na same ta a rumfarta idanu sun kumbura.

"Hajiya, wallahi ruwa kawai na ɗora a murhun gawayi da safe. Garwashi ya faɗa kan tsagar murfin rijiyar, sai wuta ta tashi. A garin nan aka haife ni fa. Wa zai ba ni ɗaki yanzu, ana cewa ni mayya ce?"

"Rijiyar tana wari?"

"Kamar mahauta."

"To rufe rumfar nan, mu je."

Ban taɓa musun akwai aljanu ba, Alƙur'ani ya faɗa. Amma shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin gwaje-gwaje a Samaru ina nazarin ƙananan halittun da ke cikin tumbin shanu, kuma na san abubuwa da dama da ake ɗora wa aljanu ba da saninsu ba.

Alhaji Abdulrahim, mai gidan, ɗan ƙawata ce marigayiya, don haka bai iya hana ni shiga ba. Ya dai bi ni yana cewa, "Inna, wannan ba harkar boko ba ce. An yi sauka biyu, abin bai daina ba."

"Allah ya karɓa. Ka sa a kashe duk wutar da ke gidan nan, sannan a ɗaga mini murfin."

Maza biyu suka ɗaga suka ja baya da sauri. Can ƙasa baƙin ruwa ne yana tsattsafo da kumfa. Warin ya bugi hancina, na ji kamar na koma bakin aiki. Na ɗaura wa guga dutse na zura har ƙasa, na cika kwalabe da taɓo fal har baki, na toshe. Iska ita ce ajalin halittun da nake zargi, shi ya sa ban bar mata wuri ba.

"Ka ba ni kwana goma," na ce.

"Kwana goma sha biyu ya rage mata, Inna. Ba zan ƙara ko ɗaya ba."

Tosin ce ke riƙe da ɗakin gwajin yanzu. Ni na koya mata riƙe sirinji tana ɗaliba, yau ga ta Dakta. Ta buɗe kwalba ɗaya ta yamutsa fuska.

"Mama, kin yi ritaya amma ba ki daina kawo mana ƙazanta ba."

"Ke dai kunna tukunyar tafasa."

Muka raba taɓon uku. Na farko muka kore iskar da ke kansa muka toshe. Na biyu muka dafa shi sosai kafin mu toshe. Na uku muka yi ta hura masa iska. Duka muka jera su a akwatin ɗumi, daidai zafin cikin rago. Ragowar taɓon na tace a rariya, na wanke abin da ya tsaya, na zuba a leda ban ce komai ba.

Kwana huɗu ba abin da ya motsa. Na fara tunanin ko gugan ya sha iska da yawa a hanyar fitowa na kashe halittun da hannuna. Oluoma tana kira kullum, ina ce mata ta yi haƙuri, ni kuma ba ni da shi. Rana ta shida Tosin ta soka allura a murfin kwalbar farko, sai hannun sirinjin ya fara tasowa da kansa. Ta ɗiga ruwan a gilashi ta sa ƙarƙashin madubi, ta kunna fitilar da ke sa su ƙyalli. Ga su nan birjik, shuɗi-shuɗi kore-kore. Na yi guɗa a tsakiyar ɗakin, ɗalibai suka leƙo.

Rana ta tara na jera kwalaben a zauren Alhaji. Maƙwabta sun cika har waje, Oluoma tana tsaye a bakin ƙofa.

"Duka ukun taɓon rijiyarka ne. Wannan mun dafa shi." Na soka sirinji, bai motsa ba. "Wannan mun ba shi iska." Nan ma bai motsa ba. Na soka a wadda muka kore wa iska muka toshe, ya cika taf. Na zare, na ƙyasta ashana a bakin allurar ina turawa a hankali. 'Yar shuɗiyar wuta ta tsaya a kai. Wani dattijo ya yi salati ya janye ƙafafunsa.

"Wasu halittu ne da ido ba ya gani. Suna rayuwa inda ba iska, suna cin abin da ya ruɓe, suna fitar da gas mai kama wuta. Suna nan a fadama, suna nan a cikin kowace saniya. In asiri ne, Abdulrahim, to asiri ne da tukunya ke kashewa."

Aka yi dariya, shi bai yi ba.

"Na ji, Inna. Amma rijiyoyi nawa ne a Dogarawa? Me ya sa sai wannan? Ai wani ne ya zuba musu abin ci. Ita ce ɗakinta ke kusa."

"Tambayarka ta yi kyau."

Na kwance ledar na juye a faranti, na tura gabansa. Tattaunanniyar harawa ce, da ɓawon dusa, da guntayen baƙar leda a cure, irin wadda dabba ke haɗiya.

"Kai ne mai kiwo. Daga ina irin wannan ke fitowa?"

Ya juya abin da tsinke, ya daɗe.

"Tumbi," ya ce a hankali.

"Oluoma, kin yi layya bana?"

"Ni Hajiya? Ƙafa ɗaya aka aiko mini, na gode."

Daga bayan labule matarsa Nana Khadija ta ɗaga murya. "Alhaji, ai kai ka ce wa mahauta kada su ɓata maka kwata, su juye a tsohuwar rijiya a mayar da murfi. Na ce za ta yi wari, ka ce ai a rufe take."

Zauren ya ɓarke. Alhaji ya cire hula ya share gumi ya mayar. Da hayaniyar ta lafa ya juya wajen ƙofa, inda Oluoma take tsaye.

"Maman Obi, ki yafe mini. Ɗakinki naki ne, ki zauna."

"A gaban mutanen nan ka ce ni mayya ce, Alhaji. A gabansu za ka ce ba ni ba ce."

Ya miƙe tsaye ya faɗa, har sau biyu, don na waje sun ce ba su ji ba. Washegari aka zo da tifa biyu ta jar ƙasa aka cike rijiyar.

Abin da ke ciki dattin tumbin raguna goma sha ɗaya ne na Babbar Sallah, na Alhaji da na 'ya'yansa, ruwan damina ya rufe shi sati bakwai.