Inda Ta Tsaya

Ramlatu ta rasu a watan Rajab, amma ranar da mijinta Malam Bilyaminu ya rasa ta wata Asabar ce, bayan wata huɗu, a wani shagon gyaran kwamfuta da ke bakin titi a Bodinga.

Da hantsi ya shiga mota daga Shagari. Aka ba shi gaba saboda furfura, ya ɗora kwamfutar a cinya, naɗe cikin tsohuwar atamfa. Direba ya ce a kawo a sa ta a but, a bayan mota. Malam ya yi masa irin kallon da ya yi shekara talatin da biyar yana yi wa ɗalibai a ajin tarihi. Direba ya ja motarsa.

Kwamfutar ba tasa ba ce. Shi mutumin takarda ne, kuma yana son a san haka. Hafsat, autarsu, ita ta kawo wa uwarta lokacin da ciwon suga ya fara cin idonta, bayan uwar ta ajiye aikin jinya. Kwana uku suka yi suna daidaita ta. Allon ya koma baƙi ƙirin, rubutu rawaya, kowane harafi kamar ƙofar gari. Kibiyar da ke yawo a kan allo ta kai girman babban yatsa. Ramlatu ta sa aka kwashe duk alamomin da ke kai, aka bar huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, don hannu ya same su ba sai ido ya taya shi ba: karatun Alƙur'ani, rediyo, kiran Hafsat, da burauza ta shiga intanet.

Sai kuma muryar. Wata Baturiya ce a ciki mai karanta duk abin da ke kan allo. Turanci tana yin sa lafiya lau, Hausa kuwa kamar mai tauna tsakuwa. Ramlatu ta rage mata sauri har ta dawo kamar mai gyangyaɗi, ta kuma raɗa mata suna Laraba, don ran Laraba ta shigo gidan.

Kafin zuwan Laraba, Malam ne mai karanta mata komai: jarida, wasiƙa, takardar magani. Sai dai Malam ba ya karatu haka kawai. Yakan tsaya ya gyara wa marubuci nahawu, ya tsallake abin da ya ga shirme ne, ya ƙara abin da ya kamata a ce an faɗa. Wata rana ya shigo ya tarar Laraba tana karanta mata labarin da shi ya karanta mata da safe.

"Wanga ai na karanta maki shi," ya ce.

"Ka karanta. Ina son in ji abin da anka rubuta ne."

"Da mi ta fi ni, wagga mai mura?"

"Ba ta da ra'ayi, Malam."

Ya juya ya fita. Shekara biyu da wata biyar ya yi bai ce komai ba a kan wannan magana, kuma bai ƙara karanta mata ko sunan magani ba. Ya san sarakuna da dama da suka rasa garuruwa saboda fushin rana ɗaya. Har jarrabawa ya sha yi wa yara a kansu.

Bayan an tashi daga zaman makoki, ya ɗaga murfin kwamfutar don ya kashe ta. Allon ya farka. Burauza na buɗe, shafuka goma sha ɗaya jere a sama: yadda ake kula da ƙafar mai suga, wani tafsiri, hasashen damina, da sauransu. Na ƙarshe, wanda ke gaba, littafinsa ne, tarihin makarantun allo na ƙasar Sifawa. Shekara tara ya yi yana rubuta shi, shafi ɗari biyu da sha biyu. Masu ɗab'i uku sun ce za su duba. Ko Hafsat da ta buga masa shi, ya tabbata yatsunta ne kawai suka karanta.

Shafi na sittin da ɗaya ne a buɗe. A tsakiyar wata jimla, kalma ɗaya tana haske da shuɗi, inda ta tsayar da Laraba: rijiya. Ko kiran salla ne ya tashe ta, ko gajiya ta yi da shi, babu mai faɗa masa. Idan yana gida, da abin kunne take sauraro. Shi ya ɗauka wa'azi take ji.

Bai kashe ba. Ya mayar da murfin a hankali. Tun daga ranar, kowace safiya sai ya ɗaga, ya dubi rijiya, ya rufe. Yana ba ta caji daga sola kamar mai ban ruwan lambu. Sai bakin cajin ya fara wasa, sai an tokare waya da ƙamus kafin ta ɗauka. Jiya kuwa ko da ƙamus biyu ta ƙi. Batirin ya sauko sha tara cikin ɗari, kuma Malam bai san abin da zai faru da rijiya ba idan ya ƙare.

Mai shagon, Maniru, tsohon ɗalibinsa ne, yanzu magidanci mai tumbi da 'ya'ya biyar. Yana hango shi ya taso ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe! Malam da kanshi? Ai da aike ka yi, in taho. Ya ƙarin haƙuri?"

"Sai godiya."

A kan benci akwai mutum huɗu masu jiran gyaran waya, da masu jiran rana ta yi sanyi. Suka matsa masa. Maniru ya kwance atamfar.

"Ta wa ce, Malam?"

"Ta gida ce. Bakin caji ne ya lalace. Shi kaɗai."

Maniru ya ɗaga murfin, hannunsa ya taɓa wani maɓalli. Laraba ta farka, ta sanar da shago, a hankali, cikin hanci, cewa batiri ya yi ƙasa. Benci ya fashe da dariya. Wani ya ce wannan kam aljanar Turawa ce. Wani ya ce a tambaye ta ko tana da miji.

"Subhanallahi," in ji Maniru yana duban baƙin allon da manyan haruffan. "Malam, wa ya yi ma wagga aika-aika?"

Nan ne wurin magana. Jimla ɗaya ta isa: kada ka taɓa komai, haka ta bar ta. Amma dattijo ɗan shekara saba'in ba ya tsayawa gaban ɗalibinsa da mutum huɗu na benci ya ce wata huɗu ke nan yana gadin inda yatsan matarsa ya tsaya. A shekara arba'in da ɗaya na aure, bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. Ran jana'iza ma an yaba masa dauriya.

"Haka na same ta," ya ce.

Gaskiya ya faɗa. Malam ya daɗe da sanin cewa ba ƙarya kaɗai ke cin amana ba.

"Bar mani ita zuwa la'asar," in ji Maniru. "Ka tahi abinka, kada ka damu."

Ya wuce Sifawa duba Malam Isa, abokin aikinsa na dā, da ke fama da ƙafa. Suka yi azahar tare, suka ci tuwo, suka zagi ilimin zamani na awa biyu. Sau ɗaya ya ciro wayarsa daga aljihu, ya tuna ba shi da lambar Maniru, ya ji wani sauƙi da bai so ba.

Da ya dawo, Maniru na tsaye bakin ƙofa yana murmushi irin na wanda ya yi wa ubansa abin kirki.

"Bakin caji minti ashirin ya ɗauka, Malam. Sai na ce, yau ga ranar da zan yi ma wani abu. Na yi mata wanka tas. Sabon Windo na sa mata, na sake tsarin cikinta duka."

Ya juyo da allon. Haske fari ya daki idon Malam. Haruffa ƙanana kamar tururuwa. Alamomi jere a gefe ɗaya, layi ɗaya, kamar ɗalibai a asambuli. A bayansu hoton masallacin Madina, koriyar ƙubba na walƙiya.

"Takardunka duk na kwashe kafin in goge, ga su nan wuri guda, ko ɗaya bai ɓata ba. Waccan mai surutun kuwa na sallame ta."

"Shafukan da ke buɗe fa?"

"Su ke cinye mata ƙarfi, Malam. Goma sha ɗaya! Ai shi ya sa take nishi." Ya ɗan sunkuyo. "Ko akwai abin da bai yi maka ba? Faɗi, yanzu in canza."

Benci ya zuba masa ido. Malam ya dubi koriyar ƙubba. Wane musulmi ne zai buɗe baki ya ce a cire Madina a mayar masa da duhu?

"Allah shi yi maka albarka," ya ce.

"Amin, ranka shi daɗe!" Maniru ya juya wajen benci yana dariya. "Kun ga wanga Malam? Shi ya taɓa ce mani, Maniru, kai ko an ba ka tarihin gidanku ajiya, sai ka zubar da shi kafin ka kai ƙofa."

Aka yi dariya. Malam ya naɗe atamfar da kansa. A shekara talatin da biyar na koyarwa, bai taɓa yi wa ɗalibi hukuncin da ya fi wannan daidai ba, kuma bai taɓa jin daɗin daidai ɗinsa ƙasa da yau ba.

A mota an sake ba shi gaba. Suka wuce Lambara, manoma na komawa gida da fartanya a kafaɗa. Direba ya tambaya ko an dace da gyara. Malam ya ce an gyara.

Ya iso gida da sauran rana. Ya jona caji, ta ɗauka nan take, babu ƙamus. Ya sa tabarau, ya yi ta lalube da ƙaramar kibiyar da ke ɓace masa, har ya samo littafin. Ya buɗe a shafi na ɗaya, kamar babu wanda ya taɓa shigarsa. Ya gangara zuwa sittin da ɗaya. Ga jimlar nan: malaman suka gina makarantar kusa da rijiya, domin mai neman ruwa ya ji karatu ko bai yi niyya ba. Rijiya tana nan, baƙa a kan fari, daidai da kowace kalma.

Ya lura jimlar da ke biye tana da tsawo fiye da kima, kuma akwai waƙafi inda bai dace ba. Ya bar shi.

Kujerarta ta roba na nan inda take, jikin taga, inda hasken yamma ke faɗowa. Ya jawo tasa kusa da ita, ya ɗora kwamfutar a cinya, ya gyara murya. A masallacin unguwa ladan yana gwada lasifika.

Ba doguwar magana ba ce. Shekara biyu da wata biyar tana bakinsa, kullum yana jiran ita ta fara roƙo.

Kawo in karanta maki. Ba zan sa baki ba.